Ranar da Injin Kaka Ya Kama Rigarsa

Jiya da la'asar ina zaune a tsakar gida ina tsince shinkafa, sai yaran gidan da ke bayanmu suka kwashe da ihu: "An kawo wuta! An kawo wuta!" Kafin in san abin da nake yi na miƙe tsaye, faranti ya zame daga cinyata, hannuna na dama ya ɗaga sama yana laluben bango. Babu komai a bangon nan sai kalanda. Na tsaya ina kallon shinkafar da ta watse a siminti, dariya ta kama ni ni kaɗai. Shekaru da yawa sun wuce, na yi aure, na haihu, amma hannun nan bai manta abin da aka koya masa ba. Bari in gaya maka inda ya samo wannan hali, mai karatu, domin labarin ya daɗe yana neman wanda zai saurare shi.

A Unguwar Mu'azu na tashi, a hannun kakannina na wajen uba. Tun bayan yaye aka kai ni wurinsu, ban kuma koma gidan iyayena da zama ba. Kakana namiji Kaka nake ce masa, kakata kuwa Iya. Gidan ba babba ba ne: ɗaki uku, rijiya, da bishiyar mangwaro da ta mamaye rabin tsakar gida. Ɗakin da ke jikin zaure shi Kaka ya fasa wa ƙofa ta waje ya mayar da shi shago, ya bar masa wata ƙaramar ƙofa da ke buɗewa ta cikin gida.

Kaka ya yi shekarun ƙarfinsa a wata masaƙa a Kakuri, a sashen katako, inda suke sassaƙa kwarkwaron da ake naɗe zare a jikinsa. Da masaƙar ta rufe, bai dawo gida hannu banza ba. Ya samo wani tsohon inji cikin waɗanda aka fitar, maza shida suka turo shi a kan kura har ƙofar gida. A gidanmu injin juyi muke ce masa. Doguwar halitta ce ta baƙin ƙarfe, tsawonsa ya kai gadon kwana. Yana da tsini biyu masu fuskantar juna, a tsakaninsu ake ɗaure katako a kwance. A ƙasa akwai moton lantarki, shi ke jan bel, wani ɗamarin roba, bel ya ja katakon ya yi ta juyawa har idonka ya daina ganin kusurwoyinsa huɗu, ya koma kamar hayaƙi. Sai Kaka ya jingina kurfi, ƙarfen sassaƙarsa mai kaifin baki, a kan wani ɗan ƙarfe da ke gaban katakon, ya tura bakinsa a hankali. Nan take ɓawon katako ya fara tashi sama a nannaɗe kamar taliya. Kafin ka ƙifta ido, abin da ɗazu yake guntun itace ya zama ƙafar kujera mai wuya da ciki da ƙugu.

Da katako nake gane lokutan shekara. In damina ta sauka, itace na zuwa da danshi, ɓawonsa ya fito dogo da sanyi, in ya faɗo maka a ƙafa sai ka ji kamar an yayyafa maka ruwa, shagon ya cika da ƙamshin ɗanyen abu. Da bazara kuwa gari ne kawai yake tashi, laushi kamar na tuwo, ya manne a gumi, ya shiga gira. In madaci Kaka yake aiki da shi, har cikin gida za ka ji ɗacinsa a harshe, Iya ta yi ta rufe tukwane tana mita.

Iya ba ta son in kusanci shagon ko kaɗan. Ba don ni mace ba ce kawai, ko da yake tana faɗin hakan ma. Ta taɓa gani da idonta a kasuwa yadda bel ɗin injin markaɗe ya fizgi mayafin wata yarinya, kuma ba ta taɓa gaya mini ƙarshen labarin ba. In ta gan ni na nufi ƙaramar ƙofar nan sai ta ce, "Dawo nan. Abin da ke juyawa ba ya tambayar 'yar wa ce ke." Ni kuwa da na ji ƙarar moto sai ƙafata ta fara ƙaiƙayi. Da Kaka ya ga ba zan hanu ba, sai ya ɗauko wani siririn katako ya buga shi da ƙusa a ƙasan shagon, taku uku daga ƙofar cikin gida. Nan ne iyakata. Ya ajiye mini ɗan benci a bayan iyakar, daga nan nake kallo.

Abin da na fi kallo shi ne yadda yake shiri kafin ya kunna injin, domin shirin ya fi aikin daɗewa. Yakan tuɓe rigarsa ya rataye, ya rage daga shi sai singileti da wando. Ya cire agogo da zoben azurfarsa ya zuba a wani gwangwani. Sai ya ɗauki katakon ya juya shi ta kowane gefe, ya ƙwanƙwasa shi da ƙotar kurfi yana kasa kunne. In ya ji amonsa ya yi kamar fasasshen tulu, sai ya jefar da shi gefe, komai kyansa. Bayan ya ɗaure shi tsakanin tsinin nan biyu, ba ya kunnawa sai ya juya shi da hannu zagaye ɗaya, ya tabbata babu inda yake gogar ƙarfen jingina. Ya sa tabaransa mai kauri, ya ɗaure hanci da ƙyalle. Sannan ya koma gefe, ba ya taɓa tsayawa saitin katako a lokacin da zai fara juyawa, domin ya ce in zai tsinke ya tashi, a wannan lokacin yake tashi. Duk wannan a gaban mai kaya ko yana sauri ko ba ya yi. Na sha ganin mutane suna duba agogo suna tsaki a ɓoye. Kaka bai taɓa nuna ya gani ba.

Ranar da ya fara barina in zauna a bencin, na ɗauka kurfi zai nuna mini. Sai ya kai ni gaban wani akwatin ƙarfe da ke bango kusa da ƙaramar ƙofar, mai hannu a gefe. Shi ne babban makunnin shagon. In ka ja hannun ƙasa, komai ya mutu. Tsayina bai kai ba, sai ya kawo guntun kututture ya ajiye a gindinsa.

"Hau. Ja shi ƙasa."

Na ja. Ya mayar da shi sama. Na sake ja. Mun yi haka ya fi sau ashirin har kafaɗata ta gaji. Daga ranar kuma ya tsiro da wani hali da ya riƙa ba ni haushi: yana tsakiyar aiki, babu abin da ya faru, sai ya daka tsawa, "Kashe!" Dole in tashi a guje in ja hannun nan. Wata rana ya yi kiran ina shan mangwaro, na tsaya neman inda zan ajiye shi don kada ya taɓa ƙasa. Kwana biyu ya hana ni shiga shagon. Da na je ba shi haƙuri ya ce, "Jikalle, in na ce kashe, ko ƙwai ne a hannunki, sake shi." A raina na ce tsohon nan neman abin wasa kawai yake yi.

Akwai wata dokar da ya fi tsanantawa a kanta. In aka ɗauke wuta ana cikin aiki, kafin ka yi tsaki, kafin ka share gumi, ka fara kashe makunni. Injin da wuta ta ɗauke masa ba kashe shi aka yi ba, in ji shi, barci yake da ido a buɗe. Akwai wani maƙwabcinmu da shagonsa ke kallon namu, mutumin kudu maso gabas ne, yana gyaran fanka da naɗin wayar moto. Oga muke ce masa, manya da yara. Shi ke duba mana moton in ya yi gardama. Ya sha gaya wa Kaka cewa akwai wani irin makunni da ke kashe kansa da zarar an ɗauke wuta, ba ya kuma tashi sai mutum ya danna shi da gangan. Kaka sai ya yi murmushi ya ɗaga hannunsa ya ce, "Ga nawa makunnin nan. Tun kafin a haife ka yake aiki, bai taɓa mantuwa ba."

Ina shekara goma sha biyu abin ya faru. Ƙarshen bazara ne, irin lokacin da hadari ke haɗowa kullum ya watse, zafi ya hana kowa sakat. An kawo wa Kaka aikin sandunan shinge na gaban wani coci a Unguwar Boro, guda ashirin da huɗu, kowace sai ta zama kamar 'yar'uwarta. Ya yi rabi, sai wuta ta ɗauke kwana biyu cur. Ranar Juma'a da hantsi ta dawo. Kaka ya shiga shago da gaggawar da ban saba gani a wurinsa ba, ni kuwa Iya ta danne kaina tsakanin gwiwoyinta tana yi mini kitso. Muna jin ƙarar inji daga ciki. Can wajen azahar ya ɗaura sabon katako, da ƙyar kurfi ya taɓa shi aka sake ɗauke wutar. Daidai lokacin aka yi kiran farko, abokin tafiyarsa masallaci kuma ya yi sallama a waje yana cewa za su rasa sahu. Kaka ya ja ƙofar shago, ya shigo ya watsa ruwa, ya saka farar babbar rigarsa, suka tafi. Babu wanda ya lura hannun makunni yana sama.

Da aka sauko daga masallaci, ya tarar da wani dattijon cocin yana jiransa a ƙofa, ya zo ganin inda aiki ya tsaya. Suka gaisa, Kaka ya buɗe shago suka shiga. Tunda ba aiki zai yi ba, kuma babu wuta, bai tuɓe rigar ba. Ya dai naɗe hannuwanta a kafaɗa kamar yadda aka saba. Iya ta ji muryar baƙo, ta zuba zoɓo mai sanyi a babban kwanon sha, ta ɗora a tire da kofuna biyu, ta ce in kai.

Na turo ƙaramar ƙofar da ƙafa na shiga. Kaka ya sunkuya a kan injin, ya ɗora wata sanda da ya gama a jikin ɗanyen katakon da ke ɗaure, yana nuna wa dattijon inda kowane lanƙwasa zai faɗa. Hannun rigarsa na dama ya zamo daga kafaɗa ya kwanta a kan katakon. Na gani, har na buɗe baki zan yi masa tsiya, in ce yau mai doka ya shigo da riga.

Sai ihun yara ya tashi a layi.

Ƙwan fitilar da ke sama ya yi ja kamar garwashi. Moton ya yi wani gurnani daga ƙasa. Katakon ya motsa, kusurwarsa mai sartse ta cafki yadin, ta juya da shi sau ɗaya, sau biyu. Na ga kafaɗar Kaka ta nutse, kansa ya bi ta zuwa ƙasa. Bai ce kashe ba. Ba abin da ya fito daga bakinsa sai salati guntu. Dattijon ya rungumo ƙugunsa ta baya ya dage da ƙafa yana ja, bel ya fara kuka yana zamewa, warin ƙonannen roba ya tashi.

Ban tuna sakin tiren ba. Ban tuna hawa kututturen ba. Abin da na tuna kawai shi ne sanyin ƙarfen nan a tafin hannuna, da yadda na rataya a jikinsa da dukan nauyina har ya faɗo ƙasa da ƙara.

Injin ya tsaya. Ina jin kwanon sha yana ta gangarawa a siminti har ya tsaya. Kuncin Kaka yana manne da katakon, tsakanin idonsa da ƙarfen jingina bai fi faɗin ɗan yatsa ba. Hannunsa na dama ya shige ƙarƙashin katakon, rigar ta nannaɗe shi tam kamar an ɗaure buhu. Yana numfashi sama-sama.

"Kar ka motsa, Malam," in ji dattijon, har yanzu bai sake shi ba. "Yarinya, kira mana mutane."

Ban kai ga fita ba Oga ya faɗo shagon, ya ji canjin kukan moton tun daga nasa shagon. Ya dubi bango ya ga hannun makunni a ƙasa, ya dube ni. Ya zaro almakashin yanka waya daga aljihu ya shiga keta rigar tun daga kafaɗa, dattijon yana juya katakon baya da hannu a hankali. Yadi ya warware falle-falle, hannun Kaka ya fito. Fatar ta saɓule daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, kafaɗar kuma ta zubo ƙasa ba yadda Allah ya halicce ta ba. Amma hannun yana nan, a jikinsa yake.

A daidai lokacin Iya ta shigo da gudu, ba ko ɗankwali. Abin da ta fara gani shi ne ƙasan shagon ya yi jawur tun daga ƙofa har gindin inji, gefen farar rigar ya jiƙe da ja. Ta ɗora hannu a ka ta kurma wani ihu da ban taɓa jin irinsa daga bakinta ba.

"Zoɓo ne, Iya!" na ce. "Wallahi zoɓo ne!"

Ta tsaya. Ta sunkuya ta dangwali jan da yatsa, ta shinshina. Sai ta zauna daɓas a cikin garin katako. Kaka, duk da azabar da yake ciki, sai da ya yi 'yar dariya, dariyar ta taɓa kafaɗar, ya koma nishi.

Dattijon da mota ya zo. Shi da Oga suka tallafi Kaka suka sa shi a baya, suka nufi asibiti. Aka bar mu ni da Iya. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta yabe ni ba. Ta kama wuyan hannuna ta ja ni zaure muka zauna, carbi a ɗaya hannun, kuma ba ta sake ni ba har la'asar ta yi. Matan maƙwabta suna shigowa suna tambaya, Iya tana amsa musu da kai kawai. Duk motar da ta shigo layin sai mu miƙe tare. Ni abin da ke cin raina shi ne ko na makara. Na yi ta lissafa takun da ke tsakanin ƙofa da makunni, ina cewa da ban tsaya neman yi masa tsiya ba, da na yi magana tun da na ga rigar.

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa motar ta tsaya a ƙofar gida. Kaka ya fito da ƙafafunsa, hannunsa rataye a wuya da farin ƙyalle, sanye da wata rigar Oga da ta yi masa kaɗan. An ɗauki hoton ƙashi, babu karaya. Kafaɗar ce ta goce, an mayar da ita, an wanke ciwon an naɗe. Iya ta saki wani dogon numfashi kamar tun azahar take riƙe da shi. Ta ce, "Sannu, Malam," sai ta juya ta shige ɗaki da sauri don kada a ga fuskarta. A daren nan aka yi ruwan farko na shekarar. Da safe duk unguwar tana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Bayan karin kumallo Kaka ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a gindin mangwaro, ya aika aka kira Oga, ya ce ni da Iya mu zauna. Ban taɓa jin ya amsa laifi a gaban kowa ba sai ranar.

"Doka biyu na karya jiya," in ji shi, "kuma ni na kafa su. Na bar makunni a sama, na kusanci inji da riga. Ba tsautsayi ba ne kawai, sakacina ne. Oga, abin nan da kake ta faɗa mini, kawo shi."

Oga ya ce zai kawo kafin yamma. Ya ƙara da cewa wutar da aka kawo jiya ba ta da ƙarfi, shi ya sa moton ya tashi da nawa, bel ɗin kuma ya tsufa yana zamewa. "Da cikakkiyar wuta ce, Baba…" Bai ƙarasa ba, babu kuma wanda ya nemi ya ƙarasa. Sai ya nuna ni da haɓa ya ce ko da hakan, da an ƙara daƙiƙa kaɗan wuta ta daidaita, da labarin ya canja.

Na ce da Kaka a hankali na ga rigar tun kafin a kawo wuta, ban yi magana da wuri ba. Sai ya ce daga yau in na ga abu a shagon nan in faɗa a take, ko shi ne ya yi, ko a gaban baƙo ne, babu rashin kunya a ciki. Ya ce, "Ba ki makara ba, Jikalle. Ga ni zaune." Wannan maganar ce ta raba ni da damuwar da nake ciki tun jiya.

Da yamma Oga ya kafa sabon makunni a jikin injin, mai maɓalli biyu, kore da ja, ya kuma rufe bel ɗin da wani murfin gwangwani da ya lanƙwasa da kansa. Muka jira aka ɗauke wuta aka kawo don mu gani. Fitila ta kama, fanka ta juya, injin bai ko motsa ba. Kaka ya gyaɗa kai sau uku. Dattijon cocin ma ya dawo dubiya da lemo a leda, ya ce kada a damu da sanduna, shinge zai jira. Wani tsohon abokin aikin Kaka na masaƙa shi ya zo ya ƙarasa su.

Na zaci bayan wannan Iya za ta toshe ƙaramar ƙofar da bulo. A rana ta huɗu na gan ta ta wanke ragowar farar rigar nan da aka keta, jan zoɓon bai fita duka ba, ta zauna a kan keken ɗinkinta. Ta ɗinka mini riga mai kama jiki, hannunta iyakar damtse, babu igiya babu leɓatu, da wata hula da ke tattare gashi duka ta rufe har wuya ba tare da wani abu yana lilo ba. Ta miƙo mini ba ta dube ni ba.

"Tunda dai ba za ki bari ba, to ba da mayafi ba. Ki cire shi tun a tsakar gida in gani."

Da hannunsa a rataye Kaka ya cire siririn katakon nan na iyaka. Bai ba ni kurfi nan da nan ba. Wata da watanni shara nake yi, don kada ƙafa ta zame a kan ɓawo, da wasa bakin kurfi a kan dutse, domin ya ce dakusasshen kurfi shi ke sa mutum dannawa da ƙarfi har katako ya fizge shi. Daga nan ya koya mini goge katako da samfefa, takardar nan mai kaushi: a fara janye ƙarfen jingina, a riƙe takardar da kan yatsu ta ƙasa, kada a taɓa naɗe ta a hannu, kada kuma a tsayar da katako da tafi komai jinkirin juyawarsa. Sai da damina ta wuce aka shiga lokacin girbi sannan ya tsaya a bayana, ya mayar da bel kan mafi ƙarancin gudu, ya ce in jingina kurfi a ƙarfe tukuna kafin ya taɓa itace. Abin da na fara sassaƙawa muciya ce. Ta fito da ƙusumbi a tsakiya. Iya ta yi tuƙi da ita har ta ƙare.

Yanzu ina da shagona a unguwar Nasarawa, da injina uku da 'yan mata huɗu da ke koyo. Sana'ar ta canja. Mutane da hoto a waya suke zuwa, su ce irin wannan suke so, jibi. Ƙafafun kujera na ƙarfe sun cika kasuwa, madaci ya yi wuyar samu, yawanci itacen malaina muke juyawa. Hasken rana ke ba mu wuta rabin yini. Abin da nake yaƙi da shi a yau ba babbar riga ba ce, waya ce: yarinya ta toshe kunnuwanta da waƙa, ko ta so ɗaukar kanta bidiyo tana aiki. Akwai akwati a bakin ƙofa, kowa a nan take barin tata. Suna ganin na cika tsanani, ina jin suna gunaguni in na juya baya. Ba ya damuna. Unguwarmu ta dā ma ta canja. Oga ya daɗe da komawa Sabon Tasha da iyalinsa, shagonsa ya zama wurin cajin waya.

Kaka ya rasu bara waccan, da damina, a kan gadonsa, bayan ya tsufa ƙwarai. Ranar uku tsofaffin abokan sana'arsa suka zo ta'aziyya, Oga ma yana cikinsu, kansa ya yi fari fat. Na kawo ruwa a buta bakin zaure daidai lokacin da aka ɗaga hannu ana addu'a, sai na tsaya daga bayan labule ina jira a shafa. A nan na ga abin da ban taɓa lura da shi ba duk tsawon rayuwata cikin kafintoci. Wannan ba shi da babban yatsa. Wancan yatsu uku suka rage masa. Na gefensa hannu ɗaya kawai ya ɗaga, ɗayan hannun rigar a ninke yake an maƙale shi da fil. Kusan kowannensu ya bar wani abu nasa a jikin inji.

Da suka watse na tambayi ƙanin mahaifina, wanda shi ya yi wa Kaka wanka. Ya gane abin da nake nufi tun kafin in ƙarasa. Ya ce babu abin da ya ragu a jikinsa, tabon nan ne kawai na hannun dama. Fiye da shekara hamsin yana gaban ƙarfe mai juyawa, ya koma ga Ubangijinsa da yatsunsa goma cif.

Na ajiye butar a ƙasa, na shiga ɗakin Iya na gaya mata. Ta dube ni, ta ce, "Alhamdulillahi." Tun da aka yi rasuwar ba ta ci abin kirki ba. Ranar ta ce in zubo mata tuwo.